Kitso a Kan Makero

Gidanmu babu allon talla a ƙofa. Samfur ce allon. Duk Asabar da hantsi Mama za ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta a rumfar kitso, ta tsefe na makon jiya, ta yarfa mata sabon da ba a taɓa gani ba a unguwa. Litinin ta tafi makaranta da shi. Kafin Laraba sai ka ji sallama: "Maman kitso, irin na kan yarinyar nan nake so." Wata rana wata ta ce, "Ina samfur ɗin naki yau?" Shi ke nan sunan ya bi ta, har malamin ajinsu da shi yake kiranta.

'Yar ƙanen Baba ce, shekararta takwas, a hannunmu take. Gashi gare ta kamar ita ta zaɓa da kanta, baƙi wuluk, ga laushi ga cika. Ni da nake 'yar Mama ta cikinta, nawa da ƙyar yatsa biyu ke kama shi. Mama takan ce ran da ake rabon gashi barci nake yi. Ga Samfur da surutu. Ana ja mata kai tana ba da labarin wanda ya yi fitsari a aji, sai Mama ta ƙwanƙwashe ta da bayan mataji ta ce, "Tsaya mini, rediyo."

A shekarar na gama sakandare, ina gida ina jiran sakamako. Aikina miƙa man kitso, share gashi, da karatu. Duk takardar da ta shigo gidan ni ke karantawa, ni ke rubuta amsa. Magana ce dai ba ni da ita. In baƙuwa ta gaishe ni, sai na duba ƙasa kafin in amsa.

A lokacin makarantar su Samfur tana da ɗakin magani, ɗan ɗaki ne a bayan ofishin hedimasta, da gado ɗaya mai shimfiɗar roba, da farin kabad, da kwanon da ake tafasa almakashi a kan risho. Sista ce mai ɗakin, wata gajeriyar nas mai tabarau a ƙarshen hanci. Duk Litinin aji-aji ake jera mata yara a baranda. Ta duba farce, ta ja fatar ido, ta leƙa kunne, ta sa gindin fensir ta buɗa gashi. Mai ƙazuwa gefe, mai kwarkwata gefe, mai ciwon ido a ɗiga masa magani ya fito yana hawaye kamar an zane shi. Masu makero kuwa aski ne da shuɗin magani, su fito da kai kamar an tsoma a rini, 'yan aji suna musu waƙa. Ƙa'ida ɗaya gare ta: ba ta sa almakashi a kan 'ya mace sai wani babba daga gida ya sa hannu a takarda. Wai wani uba ya taɓa zuwa mata da sanda.

Ranar wata Litinin Samfur ta dawo tana tsalle, ta miƙo mini takarda a ninke.

"Yaya, Sista ta ce a ba babba. Na ce mata ke ce babba a karatu."

Mama tana kan Matar Sajan, wadda ba ta fashin zuwa duk mako, mai bakin da in ta ji abu da safe, kafin azahar ya zaga unguwa. Na matsa kusa da kunnen Mama na karanta a hankali. Sista ta ce ta ga makero a gefen kan yarinya na hagu, girman murfin kwalba. A tsefe kitson, a sa hannu a ƙasa ta aske wurin ta sa magani. A daina haɗa mata mataji da kowa.

Hannun Mama bai tsaya ba. Matar Sajan ta ce, "Lafiya dai? Me ake raɗa a kaina?"

"Taron iyaye ne," in ji Mama. "Su kullum taro."

Sai da ta tafi Mama ta jawo Samfur bakin haske, ta buɗa tsagar da kibiya. Na leƙa ta bayan kafaɗarta. Ga shi nan, zagaye, fari-fari kamar an barbaɗa toka, gashin wurin ya kakkarye.

"Amosani ne," in ji Mama. "Ni za a koya wa kai? Shekara nawa ina taɓa kawunan mutane? Ɗauko biro, 'yar boko. Ki ce mata ta ji da 'ya'yan ƙazamai, gidana ba a makero. In ta taɓa gashin nan sai na sa an kore ta."

Na ɗauko biro. Ni kunyar Sista nake ji, ta taɓa ɗiga mini maganin ido. Sai na rubuta: "Mun gode ƙwarai da kulawarki. Mun ga wurin, kuma muna ɗaukar mataki a gida." Har da layi a ƙarƙashin "mun gode". Na ji daɗin kaina, a ganina na kashe wuta.

Asabar ta zo. Mama ta daɗe tana juya kan Samfur hagu da dama, sannan ta tattaro gashin dama gaba ɗaya ta kwantar da shi zuwa hagu, ta naɗe shi dunƙule a daidai wurin, tamau. Samfur ta ce, "Mama, nan da zafi." Mama ta ce kyau ba ya zuwa a banza. Gaskiya kuma ya yi kyau. Matar Sajan da ta gani sai da ta tafa hannu.

"Kai, Maman kitso, ke dai ba mutum ba ce! A ina kike samo su?"

"A nan," in ji Mama, tana nuna goshinta.

A makon nan mata tara aka yi wa kitso mai dunƙule a hagu.

Takarda ta biyu ta fi ta farko gajarta. Sista ta ce wurin ya ƙara faɗi, ta fara ba yarinya ƙwaya duk safiya a ɗakin magani, amma ba za ta yi aiki sosai ba in kitso yana jan wurin kuma iska ba ta shiga. Mama ta ce in gaya mata an ji, bayan bikin 'yar mai otal za a tsefe, ƙawayen amarya goma sha biyu ne za su zo su zaɓi kitso, a kan wa za su gani? A kaina? Ni kuma na rubuta cewa muna da wata hidima a gida, da zarar an gama za mu zo da kanmu mu sa hannu, Allah ya saka da alheri.

Samfur ta fara susa. Da farko da yatsa ɗaya take yi, ta ƙarƙashin dunƙulen. Daga baya ta koma gogawa a jikin ƙofa kamar akuya. In Mama ta gani ta buge hannun: "Za ki ɓata mini aiki!" Sai ta koyi dabara, ta riƙa bubbuga wurin da tafin hannu, tas, tas, tas. Ana cin abinci kana jin tas-tas ɗin nan.

Baba ne ya gaji da shi. Makanike ne, da rana yake dawowa cin abinci, hannu duk baƙin mai.

"Wai wace ganga ake kaɗa mana a gidan nan?"

"Ɗan amosani ne," in ji Mama.

"Sista ta ce makero ne," in ji Samfur.

"Makero? Shi ne ake ta rubuce-rubuce? Gobe zan zo da man birki. Mu da shi aka yi mana muna yara, kwana uku ya mutu. Ga kaina nan, me ya same ni?" Ya cire hula. Kan nan tal, yana ƙyalli kamar bayan cokali. Samfur ta tuntsire da dariya har shinkafa ta sarƙe ta. Ni ma na sunkuyar da kai.

Washegari ya zo da shi a 'yar kwalba. Mama ta tsoma auduga ta cusa ƙarƙashin kitson. Samfur ta yi ƙara ɗaya, ta zaga tsakar gida sau uku da gudu tana fifita kai da murfin tukunya. Baba ya ce, "Yawwa, yana aiki ke nan," ya sa hula ya koma gareji.

Litinin ta uku Sista ta gaji da jira. Ba ta aske ba, amma ta warware dunƙulen, ta wanke wurin, ta shafe shi da shuɗin magani. Haka Samfur ta shigo rumfa, gashi a barbaje, gefen kai shuɗi, a gaban mata huɗu. Ban taɓa ganin Mama ta tashi da sauri haka ba. Kafin kowa ya ɗago ta yafa mata zani, ta tura ta ciki.

"Tawada ce," ta ce wa matan. "Yaran yanzu da wasan banza."

A bayan ɗaki ta duƙar da ita, da sabulun wanki da soso. Shuɗin maganin nan ba ya fita da wasa. Ni na riƙe butar ruwa. Mama tana dirza tana faɗa: ita ke ci da yarinya, ita ke sha da ita, ko uwar da ta haife ta ba ta yi mata abin da take yi mata, wace yarinya ce a unguwar nan ke canza kitso duk mako? Ruwan da ke gangarowa ya fara da shuɗi, ya koma ja-ja. Samfur ta daina kuka, sai ajiyar zuciya.

"Daga yau babu makaranta sai an gama biki. Rubuta mata ki ce ta yi tafiya."

Na rubuta. Na ce ta je ganin mahaifinta, za ta dawo nan ba da jimawa ba, muna ba da haƙuri. Tun da babu makaranta, babu ƙwayar safe. Wannan ban faɗa wa kowa ba, na dai sani.

Biki saura mako biyu da 'yan kwanaki. Wurin ya kumbura, ya yi tudu kamar an ɓoye rabin lemo a ƙarƙashin fata. Mama ta ƙara girman dunƙulen da zare. Ya fara tsatsafo da ruwa, ta sa auduga. Ya fara wari, ta fesa turare. Ƙudaje suka gane kafin mutane, duk inda Samfur ta zauna suna nan. Kaluluwa ta fito mata a bayan kunne, ta riƙa tafiya da wuya a karkace. Labaran aji suka ƙare. In an zaunar da ita a nuna wa baƙuwa kitso, sai ta runtse ido ta riƙe gefen kujera.

Matar Sajan ta ce, "Wai ina rediyon namu? Batir ya ƙare ne?"

"Girma take yi," in ji Mama. "Ta fara kunya, irin ta yayarta."

Da rana na ji Baba ya ce, "Anya ba za a kai yarinyar nan ba?" Mama ta ce saura kwana biyar, kwana biyar kawai, abin da ya yi wata guda bai kashe ta ba. Baba ya ce shi dai harkar kai harkar mata ce, ya wanke hannu ya fita.

Ranar Talata da safe na je tashin Samfur ta sha shayi. Jikinta zafi rau. Ta ɗago, matashin ya biyo kanta, ya manne. Na riƙe shi na ja a hankali. Sai ga jelar kitso guda ɗaya a jikin rigar matashin, da zarenta da komai, ta fita tun daga tushe. Samfur ta kalle ta, ta kalle ni.

"Yaya, ki ɓoye kar Mama ta gani, za ta ce na ɓata mata aiki."

Mama ta tafi kasuwa sayen zaren biki. Na tsaya a tsakar gida na fi minti goma, kamar wadda za ta yi sata. Sannan na ɗaura wa Samfur ɗankwali, na goya ta duk da girmanta, na bi ta bayan layi.

Sista tana ɗiga wa wata yarinya magani a kunne. Ta dube mu ta saman tabarau.

"A'a, matafiya an dawo? Ya hanya?"

Ta zaunar da Samfur a gadon roba, ta kwance ɗankwalin, ta ɗaga dunƙulen da yatsa biyu. Sannan ta buɗe kabad ta ɗauko takarduna guda uku, a jere, an soke su da allura.

"Ke ce mai rubutun nan mai kyau?"

"E."

"Har da ja layi. 'Muna ɗaukar mataki.' Wane mataki?"

"Man birki," in ji Samfur.

Sista ta cire tabarau ta goge da gefen riga. "'Yata, da zagina aka aiko mini, da tuni na zo gidanku da kaina, in zauna a rumfar in ga wanda zai tashe ni. Na saba da zagi, na san maganinsa. Amma na ga takarda mai ladabi, na ce waɗannan mutanen kirki ne, bari in ba su lokaci. Ke kika sa na jira."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta turo mini takardar izini da biro.

"Shekararki nawa?"

"Sha takwas."

"Kin isa. Sa hannu. Wannan karon sunanki kawai nake so, ban da gaisuwa."

Na sa. Ta ɗauko almakashi daga ruwan zafi. Ba ta sha wahala ba a gefen hagu, gashin da kansa yake biyo hannunta. Mugunya ta yi ta fita. Ni na riƙe kwano, na kau da kai. Sista tana yi tana jan Samfur da hira: wa ya fi kowa tsoron allura a ajinsu? Can sai ga muryar rediyo ta dawo, ƙasa-ƙasa, wai ɗan hedimasta ne, har ƙarƙashin tebur yake shiga. Da aka gama aka naɗe kan da bandeji, ta girgiza shi a hankali ta ce, "Yaya, kaina ba nauyi."

Sista ta rubuta takardar babban asibiti, ta ce yau ɗin nan, ba gobe ba. A bakin ƙofa ta riƙe hannuna ta ce ciwon zai warke, amma tsakiyar wurin ta riga ta mutu, kar in sa rai da gashi. Daga nan asibitin muka wuce.

Abin da Mama ta yi da ta dawo ba sai na faɗa duka ba. Ta ce na kashe ta, na tona mata asiri, boko ya lalata ni. Ta zauna a kan turmi ta yi kuka da hawaye na gaske, tana cewa, "Gashin nan! Gashin nan!" Ta fi minti talatin tana kukan gashi kafin ta tambayi me likita ya ce. Baba ya ce ai shi tun farko ya ce a kai ta. Ƙawayen amarya sun zo, sun zaɓi kitso a kan 'yar maƙwabta, an yi biki lafiya.

Wata biyu Samfur tana shan ƙwaya. Gashi ya dawo ko'ina, baƙi, mai laushi, ban da wuri ɗaya a hagu, faɗin tafin hannunta, sumul. Mama ta saya mata ɗankwali uku, ta ce ko ƙofar gida za ta leƙa sai da shi. Duk safiya tana shafa mata wani mai tana cewa saura kaɗan ya fito.

Wata Laraba Matar Sajan tana zaune an kai rabin kai, wasu mata biyu suna jira, Samfur tana shara, ɗankwalin ya zame.

"Innalillahi! Me ya ci kan yarinyar nan?"

"'Yan asibiti mana," in ji Mama. "Ɗan amosani ne fa, matar nan ta makaranta ta sa mata almakashi mai tsatsa. Ni yanzu ko ciwon kai ba na yarda a kai yaro wurinta."

Ina riƙe da kwalbar man kitso. Na ji muryata ta fito, ban san lokacin da na buɗe baki ba.

"Makero ne. Mako huɗu ana kitsa mata a kansa. Ni na rubuta takardun ƙaryar."

Matar Sajan ta kai hannu kanta a hankali.

"Da wane mataji?" ta ce. "Maman kitso, da wane mataji kike mini?"

Sauran biyun ma suka fara shafa kawunansu. Wata ta tuna cewa 'yarta tana susa kwana biyun nan. Aka yi ta hayaniya a kan mataji, da kibiya, da tawul. Matar Sajan ta tashi da rabin kitso ta yafa gyale ta fita. A cikinsu duka, manya huɗu, babu wadda ta juya ta tambayi yarinyar ko ya yi mata zafi. Ni ma da na faɗi gaskiyar, a makare na faɗe ta, bayan ta daina amfanar kowa. Ana cewa mugu ne ke cutar yaro. Mu a gidanmu babu wanda ya ƙi Samfur. Mama tana son kanta, Baba yana son zaman lafiya, ni ina son a ce ina da ladabi, kuma tsakaninmu mu uku muka cinye mata gefen kai.

Da la'asar Samfur ta same ni a bayan ɗaki ina wanke tawul. Ta tsuguna kusa da ni.

"Yaya, Mama ta ce saura kaɗan ya fito. Zai fito?"

Na so in ce mata in Allah ya yarda. Kalmar har ta zo bakina, mai laushi, irin wadda na iya.

"Ba zai fito ba," na ce. "Sista ta gaya mini tun ranar."

Ta sa yatsu ta zagaya wurin, ta auna shi da tafin hannu.

"To," ta ce. "Ɗankwalin ma zafi yake sa ni."

Ta kwance ɗankwalin ta jefa a cikin ruwan wankina. 'Yan layi suna tsallen igiya a waje. Ta bi ta gaban rumfa, ta gaban Mama, ba ta yi sauri ba, ta fita.